Babur Mai Hayaƙi da Hanyoyin Fadamar Guri

A ƙasar Guri, wanda ya san hanya yakan tambayi nauyin babur kafin ya tambayi gudunsa. Kogin Haɗejiya idan ya wuce garin Haɗejiya ba ya bin hanya guda. Rarrabuwa yake yi, wani reshe ya bi mashigar Marma ya nufi tafkin Nguru, wani ya bi Burum Gana ya yi wajen Gashuwa, tsakaninsu kuma sai fadamu da tafkuna da tuddan rairayi. Hanyar da ka bi a watan Afrilu taya na nutsewa cikin yashi, ita za ka tarar a Satumba ruwa ya kai ƙugu, in Nuwamba ta kama kuma ta koma taɓo mai riƙe ƙafa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta sauya, ciyawar kachala ta toshe magudanai, ruwa ya riƙa kwana a inda da can ba ya kwana. Don haka mai zuwa ƙauyukan da ke bayan Kadira ko Abunabo ko Musari ya san a wani wuri babur zai ɗauke shi, a wani wurin kuma shi zai ɗauki babur.

A wannan ƙasa na girma, kuma a jikin babur guda na koyi mafi yawan abin da na sani game da inji: Yamaha YB100, wanda kowa ke kira Yamaha 100. Na kawuna ne, malamin gona. Ya saye shi a shekarun da suka biyo bayan Udoji, lokacin da ƙarin albashin 1975 ya sa ƙananan ma'aikata da yawa suka jingine keke suka hau mashin. Guri tana cikin Jihar Kano a lokacin, Jigawa sai 1991. Baburan da suka cika hanya su ne Yamaha da Yamaco, reshen kamfanin John Holt, ke haɗawa a Legas, da Suzuki 100 ta hannun kamfanin Boulos, sai Vespa ta 'yan birni da manyan Honda na masu hali. Da na fara koyarwa aka tura ni wata firamare a hayin ruwa, Kawu ya kira ni zaure ya miƙo mini makulli. Bai yi mini dogon bayani ba. Ya nuna mini ƙaramin tankin da ke ƙarƙashin murfin gefe, ya ce: "Ɗana, fetur in ya ƙare ka tura. Wannan in ya ƙare ka kashe inji. Ka duba shi kullum kafin ka tayar."

Wanda ya zana wannan babur bai taɓa jin sunan Guri ba, amma da a nan aka haife shi da wuya ya yi abin da ya fi haka dacewa da mu. Sarƙarsa a rufe take ruf cikin kwanso, yashi ba ya samun ta. Kafiretarsa ba a waje take ba, an ɓoye ta cikin murfin inji ta gefen dama, ƙura da feshin ruwa ba sa kai mata kai-tsaye. Gangar jikinsa ba bututu ba ce, farantan ƙarfe ne aka matse aka haɗe, ga ƙarfi ga rashin nauyi. Injinsa cc 97 ne, giya huɗu, ƙarfin doki wajen goma. Wutarsa daga kwayil take zuwa, ko batir ya mutu kik ɗaya ko biyu ya tashi. Duk babur ɗin, da mansa da komai, bai kai nauyin buhun masara ba.

Wannan rashin nauyi shi ne darasina na farko, kuma a bakin ruwa na koye shi. Ka iso mafita, mai fito ya dube ka ya dubi babur, ya ce: "Malam, kashe ka rufe mai. Kama kai, in kama kariya." Ku biyu kun ɗaga, kun kwantar da shi a tsakiyar kwale-kwale, mata masu ƙwaryar nono sun matsa, mai buhun barkono ya gyara zama, an tura. Wanda ya zo da babbar Honda kuwa sai an nemo ƙarti huɗu, kuɗin fitonsa ya ninka, wani lokaci mai jirgi ya ce ya jira a dawo a ɗauke shi shi kaɗai. A kan kwalta tsakanin Haɗejiya da Kano mai Honda ne sarki, ba gardama. A nan kuwa girman nan nasa ya zame masa kaya. Tun daga lokacin na daina auna kayan aiki da abin da aka ce yana yi a wani wuri. Ko injin ban-ruwa zan saya, ko irin shinkafa aka kawo mana, tambayata ita ce yaya zai yi a ƙasarmu, da ruwanmu, a hannun mutanenmu.

Abin da ya sa bai da nauyi yana cikin injin. Kanikawa sukan ce masa mai hayaƙi ko mai shan 2T, masu ilmin inji kuma su ce mai bugu biyu. Ga yadda yake aiki. Fistin yana hawa yana matse haɗin iska da fetur da ke samansa, a lokaci guda kuma yana zuƙo sabon haɗi zuwa ɗakin da ke ƙarƙashinsa, inda karanshaf ke juyawa. Fulogi ya ba da wuta, haɗin ya kama, ya turo fistin ƙasa. A hanyarsa ta sauka sai ya buɗe wata ƙofa da aka huda a jikin silinda, hayaƙi ya fita ta salansa. Ya ƙara sauka kaɗan, ya buɗe wasu ƙofofin, sabon haɗin nan da ya danne a ƙasa ya taso sama. Hawa ɗaya, sauka ɗaya, aiki ya cika. Injin mota da na babur irin Boxer, masu bugu huɗu, sai karanshaf ya juya sau biyu kafin a samu wuta sau ɗaya, kuma suna buƙatar bawul-bawul da sandar da ke buɗe su da sarƙar da ke juya sandar da famfon bakin mai. Mai bugu biyu ba ruwansa da duk wannan. Fistin ɗin da kansa shi ne mai buɗe ƙofofin silinda, shi ne mai rufe su. Abin da babu shi kuwa ba ya lalacewa, ba a kuma zuwa Kano neman sa.

Na ga amfanin haka da idona wata shekara da ruwa ya yi yawa. Iska ta taso muna tsakiyar fito, jirgi ya karkata, babur ya sulale cikin ruwa ya nutse har madubi. Allah Ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo. Samari suka shiga suka jawo shi, laka na zuba ta salansa. Akwai wani dattijon bakanike da ke zama a gindin tsamiya kusa da mafitar, kayan aikinsa duka cikin tsohuwar jakar buhu. Tun daga nesa ya ɗaga hannu: "Malam, kada kowa ya taɓa kik! Ku turo shi nan." Ya kwance fulogi, ya buɗe murfin dama ya zare kafireta ya ba yaronsa ya wanke da fetur, ya sauke tanki. Sannan ya sa muka kifa babur ɗin, tayoyi a sama. Ya sa shi a giya ya riƙa juya tayar baya da hannu, ruwa na tsartuwa ta ramin fulogi, har ya koma feshi, har ya ƙafe. Ya buɗe ɗaya murfin ya bar kwayil ta sha rana, ya goge kwantak da 'yar takarda, ya juye man giya da ya koma fari ya zuba sabo, ya ɗiga ɗan 2T cikin silinda. Kafin la'asar babur ya yi tari, ya yi aman farin hayaƙi, ya kama. Sifana biyu, sukudireba ɗaya da filaya, su ne duk abin da ya taɓa. Da na tambaye shi nawa zan bayar, ya ce in ba yaron na goro, in kuma yi tafiya mai ɗan nisa a ranar don zafi ya kore sauran danshi kada tsatsa ta kama ƙarafan ciki.

Daga baya ne, da na shiga karatun tarihin wannan inji, na gane dattijon nan yana riƙe da ƙarshen wata doguwar igiya. Dugald Clerk, mutumin Sikotilan, ya yi rajistar injin mai bugu biyu a 1881, sannan Joseph Day na Ingila ya zo da dabarar amfani da ɗakin karanshaf wajen zuƙo haɗi, wadda ita ce ke cikin baburanmu. Amma kakan ƙananan baburan nan na gaskiya a Jamus aka haife shi, a garin Zschopau, a masana'antar DKW. A 1939 suka fito da RT 125, zanen injiniya Hermann Weber, wanda ya yi amfani da dabarar Adolf Schnürle ta karkata ƙofofin silinda yadda sabon haɗi zai zagaya ya kori hayaƙi ba tare da ya bi shi waje da yawa ba. Da Jamus ta sha kaye a Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda suka ci yaƙi suka kwashi zanen a matsayin diyya. Ingila ta fito da shi a 1948 da sunan BSA Bantam, ta juya shi dama ta koma hagu. A shekarar Harley-Davidson ta Amurka ta fito da nata. Tarayyar Sobiyet ta kwashe har da injinan masana'antar ta ci gaba da ƙera shi a gida.

A Japan kuma akwai kamfanin Nippon Gakki, masu ƙera fiyano, waɗanda a lokacin yaƙi aka sa su yin farfelar jiragen sama, yaƙi ya ƙare ya bar su da injinan sassaƙa ƙarfe a zaune. Shugabansu Genichi Kawakami ya yanke shawarar a yi babur da su. Suka ɗauki RT 125 suka warware shi, suka auna kowane ƙarfe, suka fito da YA-1 a 1955, shekarar da aka kafa Yamaha Motor. Ba su tsaya a kwafa ba: na Jamus giya uku gare shi, su suka yi huɗu, kuma a shekarar suka kai shi tseren hawan Dutsen Fuji suka ci. Suzuki ma masu ƙera injin saƙa ne, sai a 1952 suka maƙala wa keke ɗan inji mai cc 36. Masana'antar Zschopau ta faɗa ɓangaren Jamus ta Gabas ta koma MZ, inda Walter Kaaden ya ƙware wajen fitar da ƙarfi daga ƙaramin inji, har da amfani da wani faifai mai juyawa da ke buɗe wa haɗi hanya daidai lokacin da ake so. A 1961 direbansu Ernst Degner ya tsere ya koma Suzuki, ya ci musu kambun duniya na ajin cc 50 a 1962. Irin wannan faifai ne ke cikin Suzuki A100 na 1966 da YB100 na 1973, shi ya sa kafiretarsu ta koma gefen inji.

Zan dawo kan wannan tarihi, domin akwai abin da ke ci mini rai a cikinsa. Amma sai na fara faɗin abin da ya kashe yawancin baburan nan a hannunmu, wato mai.

Tunda haɗin fetur ta ɗakin karanshaf yake bi, ba a iya tara bakin mai a wurin. Dole man shafawa ya bi fetur ya shiga, ya shafi ƙarafa, ya ƙone tare da shi. Shuɗin hayaƙin nan ke nan. Da can da hannu ake haɗawa, sai a 1964 Yamaha ta kawo ɗan famfo mai suna Autolube wanda ke auna man gwargwadon yadda ka murɗa totur, Suzuki ma ta yi nata. Shi ne tankin da Kawu ya nuna mini. To da tsadar rayuwa ta shigo bayan 1986, kayan gyara suka yi wuya, sai cire famfon ya zama ruwan dare. Wayarsa ta tsinke, bakanike ya ce a toshe kawai a riƙa haɗawa a tanki. Haɗawar ma ba laifi ba ce in an auna da man kirki. Amma awon ya koma gwangwanin tumatir a wurin ɗan bumburutu, yau a cika gobe a rage, man kuma ya koma duk abin da ya fi araha, har da tsohon bakin mai da aka juye daga mota. Na ga abokin aikina, wanda babur ɗinsa ya fi nawa sabunta nesa ba kusa ba, yana tura shi cikin rana da kwandon kifi a baya, fistin ya cije. Kuɗin da ya kashe a kan yankan silinda da sabon fistin da ringi ya fi na man da ya yi tsimi sau da yawa. Araha ba ta ado. Namu da famfonsa ya tsufa, domin Kawu bai taɓa yarda a cire ba, ni ma ban yarda ba. Abin da kawai yake nema shi ne a goge fulogi, a wanke soson iska, in kuma ya fara nauyin tashi a kwance salansa a ɗora ta kan wutar busasshiyar kachala, a bubbuga baƙin da ya daskare ya zube.

Duk da ƙaunar da nake yi wa wannan babur, ba zan ce zamani ya zalunce shi ba. Yana da aibi na asali wanda ba bakaniken da zai gyara. A daidai lokacin da sabon haɗi ke shiga silinda, ƙofar hayaƙi a buɗe take, don haka wani kaso na fetur ɗinka ta salansa yake fita bai ƙone ba. Kana biyan kuɗin man da ba ka mora ba, na bayanka kuma yana shaƙa. Wanda ya san Kano lokacin da Jincheng ta cika gari, wato samfurin Suzuki AX100 da ake ƙerawa a birnin Nanjing na Sin, kafin a hana acaɓa a watan Janairun 2013, ya san yadda hayaƙi kan tokare mahaɗar titi da yamma har ido ya riƙa yaji. A Indiya dokokin hayaƙi suka ture irin waɗannan injina, aka daina ƙera Yamaha RX100 a 1996 duk da farin jininsa. A wurinmu lissafin aljihu ne ya yi aikin. Boxer ta Bajaj ta zo ba ta shan mai sosai, tana ɗaukar buhu biyu, ɗan acaɓa ya gwada ya ga bambanci a cinikin yini. Tun daga 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin fetur kuwa magana ta ƙare. In yaro ya zo yau ya ce in ba shi shawarar babur ɗin da zai yi sana'a da shi tsakanin Guri da kasuwar kifi ta Haɗejiya, mai bugu huɗu zan ce ya saya. Wannan ma darasi ne da na daɗe ina juyawa: abu yakan yi maka rana shekara da shekaru, lokacinsa kuma ya wuce da hujja, ka yarda da duka biyun.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda muka bar shi ya wuce bai bar mana komai ba. Zane guda ne Ingila da Amurka da Rasha da Japan suka ɗauka, kowa ya gina masana'anta a kansa. Daga baya Indiya da Sin suka karɓi na Japan, suka koya, yau su ke sayar mana. Ba wanda ya ji kunyar kwaikwayo a cikinsu. Mu kuma mun riƙe wannan inji kusan shekara hamsin, kuma ba za a ce ba mu san shi ba. Na ga bakanike a Guri yana yanka gaskit daga kwalin sukari, yana bubbuga gefensa da kan sifana har ya fito daidai da bakin murfi. Na ga wanda ke warware ƙonanniyar kwayil ya naɗa sabuwar waya da hannu yana ƙirga zagaye. Na ga wanda da jin ƙarar inji daga nesa zai ce maka ringi ne ko iska ce ke shiga ta gefen karanshaf. Mutanen Panteka a Kaduna suna zuba ƙarfe su fitar da kayan gyara, 'yan kasuwar Nnewi sun tashi daga sayar da kayan babur sun kai ga ƙera wasu. Ƙwaƙwalwa da hannu ba su ne muka rasa ba. Mun rasa ƙarfe, tunda Ajaokuta har yau ba ta kammalu ba, mun rasa tsayayyar wuta da jari mai haƙuri. Akwai kuma wanda ya fi ƙarfin a ɗora wa gwamnati ita kaɗai: mun raba mai karatu da mai sifana. Ɗalibi yana zana fistin a allo bai taɓa riƙe shi ba, bakanike yana riƙe da shi kullum ba wanda ya koya masa awo da lissafin da ke bayansa, kuma kowannensu yana ganin ɗayan bai san komai ba. Dattijon nan na gindin tsamiya ya rasu, ba wanda ya rubuta ko shafi guda daga abin da ya sani.

Kuma injin bai tafi ko'ina ba. Shi ne a cikin ƙaramin janaretan da mai shago ke zuba wa fetur haɗe da mai, shi ne a injin yankan itace, da injin feshi na goyo, da injina da yawa da ake ɗaura wa jiragen ruwa. Yaron da ya fahimci Yamaha 100 ciki da waje ya samu mabuɗin waɗannan duka, kuma daga nan fahimtar mai bugu huɗu ba ta da nisa. Ban san injin da ya fi shi sauƙin koyarwa ba, domin a yini guda za a warware shi a kan tabarma, kowa ya ga aikin kowane ƙarfe, a mayar a tayar.

Saboda haka ina roƙon makarantun fasaha na Jigawa, tun daga Kwalejin Binyaminu Usman da ke Haɗejiya har zuwa cibiyoyin koyar da sana'a na ƙananan hukumomi, su nemi tsofaffin injinan nan tun suna samuwa, su kuma gayyato tsofaffin kanikawan da suka rage su shiga aji a biya su haƙƙinsu. Kai kuma mai karatu, in akwai tsohuwar Yamaha ko Suzuki da ke jingine a zaurenku kaji na kwana a kai, kada ka bari 'yan gwangwan su auna ta a sikeli. Kai ta makarantar da ke kusa da ku, ko ka ba yaron unguwa mai sha'awar gyara ya warware ta ya koya.